Bututun Mahadi a Ƙofar Gidana

Mahadi mai aikin famfo ne a Funtua. Hannunsa na da kyau, sai dai ba ya jin magana. Tun da ya yi aiki a wani otal a Abuja, ya ɗauka ya gama sani.

Da na yi ritaya daga koyarwa, na gina wa matata Rahab kicin, domin da kokon da take sayarwa muke ci. Na kira Mahadi ya saka mana kwamin wanke-wanke. Sai ga shi da bututu siriri, inci ɗaya da kwata.

Na ce, "Mahadi, ruwan gasara za a riƙa zubawa a nan. Saka inci biyu, ka ba shi gangara. Ina kuma bututun iska?"

Ya yi dariya. "Baba Jonah, nan ba aji ba ne. Bututun iska ɓata bango yake yi. A Abuja ma haka muke yi."

"A Abuja koko suke damawa? Ka taɓa huda gwangwanin madara wuri ɗaya, ta zubo da kyau?"

Ya ce to. Ranar da muka tafi biki Danja, ya binne siririn bututun nasa, ya shafe da siminti.

Kafin damina ta faɗi, kwami ya fara ƙugi. Da yake babu bututun iska, ruwan da ke tare wari a lanƙwasar bututu ya tsotse, ɗoyin ramin da ruwan ke zuba ya cika kicin. Gasara ta daskare a ciki, ruwa ya dawo. Masu sayen koko suka koma wani layi. Rahab ta kife tukunya tana kuka.

Mahadi ya zo da kawunsa Alhaji Maitama neman afuwa.

Alhaji ya ce, "Malam, a yi haƙuri. Zai zura waya ya buɗe."

Na ce, "Alhaji, girmanka na nan. Amma haƙuri ba ya faɗaɗa bututu. Ya tone, ya sake."

Mahadi ya ce ba zai tone ba. Na sa zarto na yanko guntun da ke waje, cike da gasara kamar alli, na rataye a ƙofar gida. Duk wanda ya tambaya, na faɗa masa aikin wane ne. Masu sabon gini a unguwa suka daina kiransa. Wata safiya sai ga shi da diga.

"Baba, in na gama za ka sauke?"

"Sai ruwa ya wuce shiru."

Darasi: kafin ka yi wa mutum aiki, tambayi abin da zai bi ta ciki, ka kuma saurara. Wanda aka cuta kuwa, kada kunya ta sa ya karɓi ban-haƙuri a madadin gyara. Girman kai ana iya binne shi da siminti, amma warinsa sai ya fito.