Tsohon Inji da Sabbin Fistin

A wani ƙauye a gindin duwatsu an yi wani mutum mai akori-kura, wadda ya gāda daga mahaifinsa. Ita ce take kai tumatirin mutanen ƙauyen kasuwa. Da shekaru suka tura, injinta ya gaji, ya fara shan baƙin mai yana tari da hayaƙi. Sai mutumin ya kai ta wurin wani tsohon bakanike.

Bakaniken ya sauke injin, ya buɗe shi a inuwar mangwaro. Ya ce, "Gangar jikinsa ta asali ce, da sauran ƙarfinta. Fistin ne, ƙarafan nan da ke kai da komo a cikinsa, suka cinye, kamfanin da ya ƙera shi kuwa ya daina yin irinsu."

Mutumin ya tafi birni ya sayo waɗansu na wani kamfani dabam, sababbi, suna ƙyalli. Bakaniken ya auna, ya goge, ya sāke aunawa, har suka shiga.

Shi kuwa mutumin yana kwance a kan benci, yana kallon rana tana wasa a cikin ganye. A zuciyarsa ya riga ya ga motar tana hawan dutse kamar iska ce ta ɗauke ta, kwanduna jajaye a bayanta, mata a bakin rafi suna ɗaga masa hannu.

Da aka tayar da injin, bakaniken ya ce, "Ɗana, sun shiga, amma ba su san juna ba tukuna. Ka bi da motar a hankali, ba kaya, ba gudu, har sabon ƙarfe ya kwanta a jikin tsohon."

Mutumin ya yi dariya. "Haba Baba, ƙarfe ma sai an yi masa gaisuwa? Tumatir ya nuna fa!"

Washegari ya loda kwandunan maƙwabtansa har sama, ya taka mota. A fili ta yi ta tafiya da daɗi, yana waƙa. Da suka kai tsakiyar hawa, injin ya yi zafi, ya yi ƙara ɗaya, ya tsaya cik. Kafin a sami wata mota, rana ta dafa tumatirin, ruwansa yana ɗiga a kan hanya.

Ya koma da fushi ya ce, "Baba, jabu aka sayar mini!"

Bakaniken ya sāke buɗe injin, ya juya fistin ɗin a hannunsa, ya ce, "Wannan mai kyau ne. Tsohon ma mai kyau ne. Lokaci ka hana su."

Yanzu ku ji abin da misalin yake nufi. Injin shi ne ikilisiya, wato jama'ar masu bi. Tsohon ƙarfe su ne waɗanda suka daɗe cikin bangaskiya, sabbin fistin kuwa su ne waɗanda Ubangiji ya kawo mana daga wani gari, da wani harshe, da wata irin tarbiyya. Shi ya auna su, ya ba su wuri a cikinmu. Amma mukan ɗora musu nauyi tun ba mu san sunayen 'ya'yansu ba. In aka sami saɓani, tsofaffi su ce baƙin ba na gaskiya ba ne, baƙin su ce tsofaffin sun ƙare. Masu shan wahalar kuwa su ne raunana da suka dogara gare mu.

Saboda haka, ƙaunatattu, in kun ga sabuwar fuska a benci, kada ku fara da tambayar aikin da za ta iya. Ku matsa mata wuri, ku kai ta gida ku ci tuwo tare. Aikin yana nan yana jira.