Sarkin da Ya Koyi Riƙon Aska

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan duwatsun da rana ke faɗuwa, an yi Sarki Dambo na Birnin Marmara, wanda ko rawaninsa bai taɓa naɗawa da hannunsa ba. Wata rana tsohon wanzaminsa, Barau, ya ɗan ƙwarzane shi a haɓa, sai sarki ya sa aka yi masa bulala aka kore shi. Ashe Barau yana da amini cikin aljanu.

Aljanin ya bayyana a tsakiyar fada ya ce, "Ya kai sarki, gemunka zai yi ta tsiro har ya shaƙe ka. Ba hannun da zai aske shi sai naka, kuma in ka fitar da ɗigon jini ɗaya, ka zama dutse."

Kafin kwana bakwai gemu ya nannaɗe wuyan sarki sau uku, numfashi sai da ƙyar. Bokaye suka yi turare har suka gaji. Sarki ya ɗauki aska, tsoro ya sa ya dakusar da ita, wai kada ta yanke shi. Ta yi ta fizgar gashi, ko sili bai faɗi ba. Abin tausayi, mai dakaru dubu yana hawaye gaban madubi.

Sai ga Kuluwa, 'yar Barau, wadda ke wasa wa mahaifinta asake. Ta faɗi ta yi gaisuwa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, dakusasshiyar aska ita ke yanka, domin sai an danna ta." Ta wasa askar a dutse, ta goga ta a fata, ta gwada a gashin hannunta, ya zube. "Jiƙa gemun da ruwan ɗumi, ka ja fatar da yatsu biyu. Kwantar da askar, ka bi yadda gashin ya kwanta, kaɗan-kaɗan."

Da ya iso maƙogwaro, sarki ya tsaya ya ce, "Ya ke 'yar wanzami, hannuna rawa yake."

"Haka na babana yake yi a wuyanka, ranka ya daɗe, shekara talatin."

Sarki ya ci gaba da aski. Ba mai ikon taimakonsa, sai kallo. Tun hantsi yake ja har la'asar, gashin ƙarshe ya faɗi ba jini, sihiri ya karye.

Sarki ya taka da ƙafa zuwa gidan Barau ya nemi gafara, ya kuma nemi auren Kuluwa, ta amince. Ranar ɗaurin aure Barau ya zauna a tabarma ya miƙa wuya, sarki ya durƙusa ya yi masa aski.