Shanun da Malam Ummaru Ya Ƙi Sa wa Hannu

Akwai wani dillalin shanu a Dutsin-Ma, sunansa Malam Ummaru. Ya haura shekara talatin yana shiga kara, wato wurin da ake cinikin dabbobi ranar kasuwa, kuma ba a taɓa kiransa gaban hukuma ba. Asalinsa ɗan ruga ne daga wajen Kutawa. Da sandar kiwo ya tashi kafin ya dawo gari, shi ya sa in ya kalli saniya sau ɗaya zai gaya maka haihuwarta nawa.

Ga wanda bai san harkar ba, bari in yi bayani. Aikin dillali ba haɗa mai saye da mai sayarwa ba ne kaɗai. Shi ne shaida. In ya kama hannun wannan ya ɗora a na wancan ya ce Allah ya sa albarka, to ya rataya dabbar nan a wuyansa ke nan. Gobe in aka ce ta sata ce, dillali ake fara nema. Don haka Malam Ummaru ba shi da wani jari a duniya da ya wuce sunansa.

Babban mai cinikinsa shi ne Alhaji Sirajuddeen, wani attajiri mai saye ya ƙara kiwo ya sayar. Shekara goma sha biyar Alhaji bai taɓa sayen ko akuya ba sai ta hannun Malam Ummaru.

Wata ranar kasuwa a farkon damina, wani baƙo ya shigo kara da shanu shida. Ya ce sunansa Lawal. Ga malafa, ga sanda a kafaɗa, ga fara'a kamar ta tsohon abokinka. Shanun kuwa masu kyau ne ƙwarai. A cikinsu akwai wata farar saniya mai dogon ƙaho, hantsarta cike da nono har tana ɗiga.

Alhaji na ganinsu ya rikice. Da ya taya, Lawal bai wani ja ba, ya sauko ƙasa sosai. Alhaji ya yafito dillalinsa yana murmushi har kunne.

"Malam Ummaru, zo ka ƙulla mana wanga ciniki. Yau dai mun tashi da sa'a."

Malam Ummaru ya zagaya shanun. Ya duba haƙori, ya duba kofato, ya shafa doro. Babu cuta, babu rauni. Amma yana tsaye a wurin sai ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, kamar wanda ya haɗiyi tuwo da zafi ya tsaya masa a hanya.

Ya dubi baƙon ya ce, "Malam Lawal, akwai takarda?"

Lawal ya zaro takardar shaida daga aljihu, da hatimin mai unguwa raɗau a ƙasanta. An rubuta shanu shida, an faɗi launin kowace.

"To wagga mai nono hwa? Ina ɗanta?"

Lawal ya girgiza kai cikin jimami. "Shekaranjiya ya mutu, Malam. Zawo ya kama shi. Shi ya sa ma nike son rabuwa da ita, kukanta na hana mu sakat."

"Mi ya sa za ka sayar da shida rana guda, ga ciyawa ta fara fitowa?"

"Tashi za mu yi. Ka san yadda daji ya koma yanzu. Gara in rage in tsira da saura."

Kowace tambaya da amsarta, kuma kowace amsa ta zauna daidai. A zamanin nan da mutane ke barin rugage saboda ɓarayin shanu, wa zai ce ƙarya yake? Malam Ummaru ma ya je ya kira sarkin kara, shugaban wurin, ya duba takardar. Sarkin ya juya ta gaba da baya, ya ce shi bai ga wani aibu ba.

Shi ke nan, hujja ta ƙare. Alhaji ya miƙo hannu, Lawal ya miƙo nasa. Malam Ummaru ya kama wuyan hannun Alhaji zai ɗora. Wallahi saura kaɗan. Sai nauyin nan na ƙirjinsa ya ƙaru. Ya saki hannun a hankali.

"Alhaji, ka yi mani haƙuri. Ba ni sa hannu cikin wanga ciniki."

Alhaji ya zaro ido. "Mi ka gani?"

"Ban ga komi ba."

"To mi aka ce maka?"

"Ba a ce mani komi ba. Raina ne bai kwanta ba."

Nan fa kara ta ɗauka. Kun dai san mutanen kasuwa, abin dariya ba ya wuce su. Wani ya ce Malam ya fara duba. Wani ya ce tsufa ne. Lawal ya ɓata fuska ya ce, "Malam, ɓarawo kake ce mani ke nan?"

"Ban ce ba, kuma ba ni cewa, don ban gani ba. Hannuna ne dai nawa, na kuma janye shi."

Akwai wani dillali a gefe, Sabitu, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan cinikin Alhaji. Mutum ne mai baki kamar rediyo. Ya kutso yana gyara hula.

"Alhaji, mu da takarda muke aiki, ba da bugun zuciya ba. Kawo hannunka."

Nan take ya ƙulla. Lawal ya ce ya sallama, ya karɓi kuɗinsa, ya bi ta cikin jama'a ya ɓace. Alhaji ya wuce ta gaban Malam Ummaru ba tare da ya kalle shi ba, ya ce, "Daga yau Sabitu ne mutumina. Kai kuma ka je ka ji da ranka da bai kwanta ba."

Maganar nan ta yi wa Malam Ummaru ciwo, ba kaɗan ba. Ya koma gida da la'asar hannu rabbana. Matarsa Mairo tana tankaɗe a tsakar gida, labari kuwa ya riga shi isowa.

"Malam, an ce ka kori Alhaji da bakinka."

"Haka ne."

"To mi shanun suka yi?"

"Ba su yi komi ba."

Mairo ta ajiye rariya ta dube shi. "Shanu ba su yi komi ba, mai shanu bai yi komi ba, takarda ba ta yi komi ba. To mu da za mu sha kunu ba sukari, mu mi muka yi?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Mairo, da na san dalili da na faɗa. Abin da na sani kawai, in na sa hannu ba ni iya cin tuwonki yau."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "To ci tuwon dai, tunda ka tsira da cikinka."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa tsawo. Duk inda ya ratsa sai ya ji ana ƙus-ƙus. Wasu ma cewa suka yi hassada ce, wai ya so ya kore Alhaji ne ya zagaya ya saye shanun da kansa. Shi kansa ya fara zargin kansa. Yana alwala yana sake lissafa abin: takarda daidai, magana daidai, shanu lafiya. To me ya hana shi? Ko dai da gaske tsufan ne? Har ya yi niyyar zuwa ya ba Alhaji haƙuri, ya sa takalmi, ya kai ƙofar gida. Sai ya tuna fuskar Lawal, nauyin nan ya dawo, ya koma ya zauna.

Da ranar kasuwar Kurfi ta zagayo, Alhaji ya sa aka kora shanun can don ya juya su da riba, Sabitu na gaba yana baza riga. Malam Ummaru ma ya hau mota ya tafi, ko Allah zai sa ya samu ɗan cinikin tumaki.

Wajen hantsi, kara ta cika, sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a bakin shiga. Wani dattijo ya sauko, ƙafafunsa duk taɓo. Ya'u sunansa, makiyayi ne daga wajen Kuki. Bai zo saye ba, bai zo sayarwa ba. Ya buɗe bayan motar ya rungumo wani ɗan maraƙi fari, ramamme, haƙarƙarinsa duk a waje.

Mutane suka yi ta kallonsa. Wa zai sayi wannan abin tausayi?

Ashe kwana goma sha biyu ke nan da aka kore masa shanu daga ruga. Ɓarayin sun tafi da manya, sun bar maraƙin ɗaure a dangwali, igiyar nan da ake jera 'yan maruƙa. Ya'u ba shi da hoto, ba shi da takarda. Sai ya yi abin da makiyayi kaɗai zai yi tunaninsa. Ya riƙa ɗaukar maraƙin yana bin kasuwanni ɗaya bayan ɗaya, yana ba shi kunu da madarar gari don kada ya mutu. Ya san in uwar na kusa, ba ta buƙatar kowa ya yi mata shaida.

Ya dire maraƙin a tsakiyar kara. Maraƙin ya yi tangaɗi, ya buɗe baki ya yi wani siririn kuka.

Daga can ƙarshen kara aka ji amsa.

Farar saniyar nan ce. Ta ɗaga kai, ta yi wani kuka da ya sa kasuwa ta yi tsit. Ta fizgi turke sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya tumɓuke. Ta ratso cikin mutane da igiya tana jan ƙasa, kowa na tsalle yana ba ta hanya. Ta isa ta hau lasar maraƙin tun daga kai har wutsiya, shi kuma ya cusa baki a hantsa yana karkaɗa jela.

Ya'u ya durƙusa a wurin yana hawaye. Sannan ya tashi ya yi wani kira irin nasu na ruga. Sauran biyar ɗin duk suka juyo a tare suna jan igiyoyinsu. Da aka kwance su, suka zo suka kewaye shi, wannan na goga masa kai a kafaɗa, waccan na lasar hannunsa.

Ba wanda ya sake tambayar takarda. Daga baya ma aka gano hatimin na jabu ne.

Jami'an tsaro suka iso, kuma tambayarsu ta farko ita ce wadda kowa ya sani: "Wa ya yi dillanci?"

Bakin nan na Sabitu mai kama da rediyo ya mutu. Ya ce shi ma takarda ya gani. Aka ce ya zo ya yi bayani a ofis, ya kuma nuna inda Lawal yake. Ina zai nuna? Ko garin mutumin bai tambaya ba. Aka sa shi a mota. Alhaji ma sai da ya bi su, kuma shanu suka koma hannun mai su, shi Alhaji ya tashi a tutar babu.

Malam Ummaru yana tsaye a gefe, bai yi murna ba. Ya san tazarar da ke tsakaninsa da kujerar motar nan ba ta wuce faɗin tafin hannu ba.

Amma yana kallon yadda shanun ke manne wa Ya'u, sai abin ya faɗo masa. Ran nan a Dutsin-Ma, duk tsawon cinikin, Lawal bai taɓa matsawa kusa da shanun ba. Kullum yana tsaye inda ƙaho ba zai kai shi ba. Yana ta magana, amma ko saniya ɗaya ba ta juya kunne wajen muryarsa ba. Mutumin da ya ce shanunsa ne! Idon Malam Ummaru, da ya tashi a cikin garke, ya ga wannan tun a ranar. Kansa ne bai fassara masa ba sai yau.

Bayan kwana uku Alhaji Sirajuddeen ya yi sallama a ƙofar gidansa. Ya zauna a kan tabarma ya daɗe yana murza hula a hannu.

"Malam, na ci mutuncinka cikin mutane. Ka yahe mani."

"Ya wuce, Alhaji. Ni ma da ka matsa mani kaɗan, wataƙila da na sa hannun."

"To don Allah, mi ka gani ran nan?"

Malam Ummaru ya gaya masa zancen kunnen shanu. Alhaji ya riƙe baki. Ya ce, "Daga yau, in ranka bai kwanta ba, ko kyauta aka ba ni ba ni karɓa. Ba sai ka kawo dalili ba."

Daga cikin gida Mairo ta ɗaga murya yadda baƙo zai ji: "Alhaji, a dai riƙa tambayar ran nashi tun kafin a miƙa hannu!"

Sabitu ya fito daga hannun hukuma bayan an tabbatar ba da shi aka haɗa baki ba. Amma har yau, in ya kama hannun mutum a kara zai ƙulla ciniki, sai ka ga mai sayen ya waiga yana neman inda Malam Ummaru yake tsaye.

Darasi: Ba kowane gargaɗi ne ke zuwa da hujja a hannu ba. Wani lokaci abin da ka daɗe kana gani a aikinka shi ne ke yi maka magana ta cikin ƙirji, kafin kanka ya gane dalili. In ranka ya ƙi abu, kada ka yi wa kowa ƙazafi, amma kada kunya ko kwaɗayi su sa ka sa hannu. Dakata, ka yi addu'a, ka janye. Dariyar mutane ta kwana kaɗan ce, sunanka kuwa in ya ɓaci da wuya ya gyaru. Ku tura wa 'yan uwa da abokan sana'a, wataƙila akwai wanda hannunsa ke miƙe yanzu haka, ransa kuma bai kwanta ba.