Gicciye Goma Sha Bakwai a Jikin Motar Gershon

Mijina ba ya nan. Gershon ya rasu a watan Afrilun bara, ya bar ni da 'yarmu Serah, da wata tsohuwar Fijo 504 akori-kura a rumfar kwano da ke bayan gidanmu a Kafanchan.

Sunana Afiniki. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. Na roƙi mai wannan shafi ya sa labarin yadda na aiko shi, kada ya gyara mini halina a ciki.

Akwai wani fanal bita a garin nan, mai gyaran jikin mota, sunansa Malam Nuru. Shi da Gershon benci ɗaya suka zauna a firamare. Duk tashin hankalin da garin nan ya gani bai raba su ba. Nuru ne ke yanka mana akuyar Kirsimeti, don shi ma ya iya ci, kuma kullum sai ya yi ƙorafin cewa akuyar ta rame kamar mai ita.

Motar ta yi shekara ashirin tana ɗaukar citta daga Kachia, ta koma da buhunan taki. Takin zamani da ɗanyar citta ba sa barin ƙarfe lafiya. Tsatsa ta kama ƙasan bodi, ta kama gindin ƙofofi. Da ciwon ƙoda ya hana Gershon tuƙi, sai ya tura motar rumfa ya ce zai tayar da ita da hannunsa. Inji ya gama shi sarai. Jiki ne ya rage.

A watanninsa na ƙarshe ba ya iya ɗaga abu mai nauyi. Sai ya ɗauki ƙaramar guduma da alli, ya ja kujera kusa da motar. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, bakinsa na motsi, sannan ya zana ɗan gicciye a wurin. Wani wurin kuma ya yi zagaye.

Gershon dattijon ikilisiya ne. Da na ga bakinsa na motsi, na ga gicciye, sai na ce a raina addu'a yake yi, yana miƙa motar ga Ubangiji. Ban taɓa tambayarsa ba. Ina tsoron ya ce mini ban kwana yake yi da ita.

Bayan jana'iza na ƙirga su. Gicciye goma sha bakwai ne, tara a ƙasan bodi inda ake loda kaya, sauran a ƙofofi da saman tayoyi. Kowace safiya kafin in ɗora ruwa sai in je in dafa su ɗaya bayan ɗaya. Na haddace wurarensu kamar yadda na haddace Zabura ta ashirin da uku.

Dangi suka sa ranar addu'ar cika shekara a ƙauyensu da ke bayan Samaru Kataf, inda aka binne shi. A ranar za a kafa dutsen kabari. Na ce motarsa ce za ta kai dutsen.

Ƙaninsa Christopher, malamin makaranta, ya ce, "Matarmu, motar haya ba ta ƙare a gari ba."

Na ce, "Ta kai cittar mutane shekara ashirin. Sunan mai ita ne ba za ta kai ba?"

Ya ce, "To, ni dai ba na gardama da 'yar zumuntar mata."

Wata Asabar a watan Fabrairu, da hantsi, sai ga Malam Nuru da akwatin kayan aikinsa da tulun gas na walda a cikin keke-napep. Ban kira shi ba. Ya ce ya ji maganar dutse, kuma ya yi wa abokinsa alkawari tun a asibiti.

Ya zagaya motar yana shafa ta yana gyaɗa kai.

"Maman Serah, ai mutumin nan ya yi mini rabin aikin. Duk inda ya sa alamar nan, nan za mu yanke."

Na ce, "Wace alama?"

Ya ɗora yatsa a kan gicciye ɗaya. "Wannan. Duka za su fita. Ba za a bar ko ɗaya ba."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba.

"Gicciyen ne za ka yanke?"

"Ba gicciye ba ne, Maman Serah, tsaya ki ji."

"Ina da ido. Mutum yana bakin mutuwa ya sa alamar Ubangijinsa a kan kayansa, kai kuma ba ka ga wurin yanka ba sai nan? Ashe duk shekarun nan abin da ke cikinka ke nan?"

Ya ce, "Afiniki." Bai taɓa kiran sunana haka ba. "Bari in ɗauko guduma in nuna miki."

Ya sunkuya zai buɗe akwati. Ni kuma na fita ƙofar gida ina ɗaga murya, ina cewa a zo a gani, ya zo zai yanke gicciye a gidan mamaci.

Kun san garinmu. Magana irin wannan ba ta buƙatar ƙafa. Kafin in rufe baki 'yan acaɓan bakin layi sun cika tsakar gida. Wani ya kaɓe masa hula. Wani ya yi ƙwallo da akwatin, sifanu da gudumomi suka watse. Wani ya yanke tiyon gas da wuƙa yana cewa, "Yanka dai ka zo yi, ga yanka." Aka ture shi ya faɗi a kan gwiwa, mutum mai shekara sittin da wani abu.

Maƙwabciyarmu Bridget ce ta shiga tsakani da zaninta a ɗaure a ƙugu. Ta ce duk wanda ya sake taɓa shi ta san uwarsa, kuma yau za ta je gidan.

Nuru ya tsince kayansa ɗaya ɗaya. Babu wanda ya taya shi. Ina tsaye a bakin rumfa ina kallo. Da zai fita ya ce, "Kada dai ki ɗora wa motar nauyi." Na juya masa baya.

Christopher ya kawo wani mai fenti. Na gaya masa sharaɗina: ba yanka, ba walda, a rufe gicciyen a ciki su zauna ƙarƙashin fenti. Mutumin ya dubi motar, ya dube ni. Labarin Asabar ya riga ya kai kunnensa.

Ya ce, "Madam, yadda kike so."

Ya kawo fila, wani abu kamar kwaɓin fulawa da ke bushewa ya yi tauri. Inda rami ya yi faɗi ya cusa raga da kwali, ya shafe. Ya goge da sanfefa har ya yi sumul, ya fesa shuɗin fenti. Kwana tara ya gama. Motar tana ƙyalli. 'Yan zumunta suka zo suka yi waƙa a gabanta, ni ma na ji kamar na ci wani yaƙi domin Ubangiji.

Ranar Laraba kafin Asabar ɗin addu'a muka yi lodi. Buhun siminti shida, bulo kaɗan, sai dutsen a kwance a kan tsohon bargo. Christopher na tuƙi, ni ina gefensa, Serah a tsakiya.

Mun wuce rabin hanya muka faɗa wani rami da ruwan sama ya rufe. Ba gudu muke yi ba. Muka ji ƙara a baya kamar an yaga buhu, sannan wani abu ya daki kwalta.

Ƙasan bodi ya ɓurme. Buhu biyu sun zube ta ciki, dutsen ya bi su da kai. Ya rabe biyu, tsagar ta ratsa ta tsakiyar sunansa. GER a hannu ɗaya, SHON a ɗaya.

Serah ta zauna a gefen titi ta rungume rabi ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba.

Christopher ya sa yatsa a bakin ramin. Fila na ɓantarewa kamar ƙanzon tukunya, ƙarfen da ke ƙarƙashi kuma yana marmashewa ja a hannunsa. Na tsaya ina kallon inda ya tsage. Daga kusurwar hagu ya fara, ya bi ta tsakiya, ya tsaya kusa da taya. Na san hanyar nan. Ita hannuna ke bi kowace safiya. Ko'ina ƙarfen ya saki, wurin gicciye ne.

Washegari na sa guntayen dutsen a keke, na tafi garejin Malam Nuru. Akwai wata bas a tsaye, an rubuta sunan wata makarantar Islamiyya a jikinta. Daga gaba har baya cike take da 'yan gicciye na alli. Ga wata motar a gefe, da carbi rataye a madubi, ita ma haka.

Nuru ya fito daga ƙarƙashin bas ɗin yana ɗingishi. Ya dube ni, ya dubi abin da ke cikin keken.

Na ce, "Malam, ina kwana."

"Lafiya lau. Akwai wanda ya ji ciwo?"

"Babu."

"Alhamdu lillahi."

Na nuna masa gicciyen da ke jikin bas ɗin. Ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa wuri mai kyau, ya yi ƙara tas. Ya ƙwanƙwasa kan gicciye, sai wani sauti a mace, kamar an buga kwali.

Ya ce, "Zagaye, tsatsar a sama take, a goge. Wannan kuwa ta ci ta huda, a yanke a sa sabon ƙarfe. Ubangidana da ya koya mini aiki haka yake yi, shi ma ba Kirista ba ne. Ni na koya wa Gershon a rumfarku."

"To bakinsa da ke motsi fa?"

"Awo yake yi. Yana lissafin faɗin ƙarfen da zai shiga. In bai furta ba mantawa yake, tun muna aji huɗu."

Na durƙusa a cikin baƙin mai da ƙasa. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Tashi, Maman Serah, zaninki zai ɓaci. Na yafe tun ranar. Kawo dutsen."

Ya auna shi, ya yanko ƙarfe mai kusurwa, ya yi masa firam kewaye, ya matse guntayen biyu suka haɗu. Awa uku ya yi a kai bai ɗaga ido ba. Da ya gama ya goge sunan da gefen rigarsa. Tsagar tana nan, amma ana karantawa.

Na ce, "Malam, in an dawo daga ƙauye za ka zo ka duba motar?"

Ya ce, "Tun ranar nan babu motar da ta zo mini daga unguwarku. Mutanen da na yi wa aiki shekara talatin suna ganina su sauya hanya. 'Ya'yana kuma sun ce in na sake taka layinku, su ma za su biyo ni, kuma ba hannu sake za su zo ba. Kin ga abin da nake tarewa."



Can ya ce, "Ki cire duk abin da kuka liƙa mata. Sai ƙarfe ya fito fili, a ga iyakar ɓarnar. Kafin nan babu aikin da za a yi."

"In na cire za ka zo?"

Ya ɗauki allinsa ya koma wurin bas.

Motar haya ce ta kai dutsen. An kafa shi da firam ɗinsa. Lahadin da ta biyo na tashi a coci lokacin shaida, na faɗi duk abin da na yi, na faɗi ma'anar alamar. Wasu suka sunkuyar da kai. Wata a baya ta yi dariya. Waɗanda suka ture shi kuwa ba su ma zo sujada ba, kuma maganar farko ta riga ta yi nisan da ta biyu ba ta kai ba.

An jawo Fijo ta koma rumfa. Yau wata huɗu ke nan, kowace Asabar ina zaune da ƙaramin kurfi na saran ƙarfe da sanfefa ina ɓamɓare fila. Yatsuna sun tsattsage. Na buɗe wuri goma sha ɗaya, saura shida, kuma kowanne na buɗe ya fi yadda Gershon ya bar shi faɗi, domin tsatsar ba ta tsaya ba da muka rufe ta. Malam Nuru bai zo ba tukuna.

Darasi: In ka ga abin da ba ka gane ba, ka yi tambaya kafin ka tara jama'a. Baƙin ciki ba ya ba mutum izinin yi wa wani ƙazafi, kuma kalma ɗaya da ta taɓa addini a wurarenmu tana iya jawo abin da haƙuri dubu ba zai gyara ba. Ni minti ɗaya aka roƙe ni in tsaya in ji, na ƙi. Ku tura wa wasu, musamman masu saurin baki irina.

Ina roƙonku, Kirista da Musulmi, ku taya ni wannan addu'a. Ya Ubangiji, ka ba Gershon hutawa. Ka warkar da gwiwar Malam Nuru, ka mayar masa da mutuncinsa da masu kawo masa aiki, ka sanyaya zuciyar 'ya'yansa. Ka gafarta mini, ka tsare bakina. Duk wanda ya karanta har nan, ya ce amin.