Jaki da Ɗunɗun da Ya Ƙi Mutuwa

An yi wani Jaki mai taurin kai wanda ya gaji gonar gero daga ubansa. Gonar nan ita ce cinsa, ita ce shansa. Maƙwabciyarsa Gafiya ce, gwanar tono. Abokinsa kuwa Bunsuru, wanda cikinsa ba ya cika.

Wata shekara sai ga ɗunɗu, itacen nan mai ƙaya, ya tsiro a gefen gonar. Guda ɗaya tak!

Gafiya ta leƙo ta ce, "Malam Jaki, wannan sai an tono shi har saiwa. Sara ba ya kashe shi."

Jaki ya ce, "Ke tafi can! Ni za ki koya wa noma, ke da ba ki kai kofatona ba?" Ya ɗauki adda ya sare shi.

Bayan sati uku ya dawo, ya tarar da biyar sun tofo daga saiwar. Ya sare su, suka zama ashirin. Jaki ya saki baki, ya duba addar gaba da baya. "To wai ni sara nake yi ko shuka?"

Ya canza adda. Ya canza ranar sara. Har ya fara sara da hagu, ko a dace. Ina! Kansa ya ɗaure tamau.

Da rani sai ga Bunsuru ya zo yana lasar baki. Ya ce, "Abokina, bar mu da shi. Ni da iyalina za mu cinye 'ya'yansa kaf, mu riƙa wuni a gonarka, mu bar maka taki kyauta."

Da jin kyauta, kunnuwan Jaki suka miƙe.

Gafiya ta ce, "Kada ka yarda! Irin ɗunɗu ba ya narkewa a cikin akuya. Yadda ya shiga haka zai fito."

"Hassada ce ke damunki," in ji Jaki. "Kin ga zan sami taki."

Awaki suka ci, suka zagaye gonar lungu-lungu suna zuba taki. Jaki sai godiya yake yi.

Da ruwan farko ya sauka, Jaki ya zo da irin geronsa. Wayyo! Duk inda kashin akuya ya faɗi, ɗunɗu ya tsiro. Babu wurin sa ƙafa, balle wurin shuka. Ya juya gabas, ya juya yamma, ya rasa ko gonarsa ce.

Ya ce, "Bunsuru, wa ya yi mini wannan aiki?"

Bunsuru ya cika baki da ganye ya ce, "Oho! Amma dai wallahi gonarka ta yi albarka, baɗi ma muna nan."

Shekarar nan Jaki bai ga ko zangarniya ɗaya ba. Har kaka yana bin bayan Gafiya, tana nuna masa inda saiwa ta bi, yana tono yana hawaye.

Darasin wannan labari shi ne, muguwar ƙaya tun tana ɗaya ake tono ta har saiwa, kuma kada girman kai ko son banza ya hana ka jin shawarar wanda ya san abu, komai ƙanƙantarsa.