Ƙafar Encep

A ƙauyenmu, can cikin gonakin shayi na Garut, akwai wani saurayi mai suna Komar. Yana da ƙwazo, hannunsa ya faɗa wajen haɗa fim, amma yana da ciwo guda: ba ya iya jure a yabi ƙaninsa Encep a gabansa.

Su biyun suna yin gajerun finafinan barkwanci da waya. Komar ke fitowa a babban wa mai ɗaure fuska, Encep kuma wawan da kullum ke faɗawa cikin taɓo. Faɗan da suke yi a fim ba koya musu aka yi ba, tun suna rigima a kan ƙwai ɗaya a kwanon mahaifiyarsu, wadda suke kira Emak, suka iya shi. To amma dariya wajen mai faɗuwa take zuwa. A kasuwa sai ka ji mai soya awara ta ce, "Wan Encep, zo ka ɗanɗana!" Komar ya yi yaƙe, zuciyarsa kuwa tana tafasa.

Ana nan Encep ya samu aiki a jirgin kamun kifi, irin waɗanda ke shekaru a teku. Ya ce da wansa, wanda yake kira Kang, "Kang, mu yi fim na ban kwana. Wa da ƙani sun tafi kwana kan dutse da tanti ɗaya, kowa ya ce shi ne shugaba. A nuna ranar bikin 'yancin kai, sannan mu zuba wa Emak a wayarta, in ta yi kewata ta kalla."

"Kewarka?" in ji Komar. "Hutawa za ta yi, shinkafarta ta ƙara auki."

Suka hau dutse, suka kafa waya a kan sanda. Tanti ya rufta wa Encep yana ciki yana kiran Emak. Biri ya sace masa taliya, ya bi shi da cokali yana roƙonsa ya bar masa ko romon. Komar kansa sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Dariyar nan ce ta tsorata shi, don ya san haka gari zai yi.

Da suka sauko ya kulle kansa a ɗaki. Duk inda fuskar Encep ta fito ya yanke, ya bar tasa. Don kada a ce ya mayar, ya goge ainihin abin da suka ɗauka kakaf. Encep ya leƙo ta taga ya ce, "Kang, in gani mana."

"Sai ranar. Kai dai shirya bakin godiya."

Ranar biki bayan magariba aka ɗaura farin ƙyalle a filin ƙwallo. Emak ta zo da tabarmarta ta zauna a gaba, Encep a gefenta. Fim ya fara. Ga Komar yana zare ido, ga Komar yana nuna yatsa, ga Komar yana masifa shi kaɗai. Filin ya yi tsit, sai ƙarar ɓare gyaɗa. Wani tsoho ya ɗaga murya ya ce, "Wai yaron nan da bishiya yake faɗa ne?" Sau ɗaya tak aka yi dariya, inda ƙafar Encep ta leƙo daga ƙarƙashin tanti tana shure-shure.

Emak ta waiga ta ce a hankali, "Komar, ni dai biyu na haifa. Ina ɗayan?"

Encep ya tashi ya naɗe wa Emak tabarmarta suka tafi gida. Wannan ne ya fi ba ni tausayi, domin tun tasowarsu ban taɓa ganin ya bar wa wansa magana ta faɗi ƙasa ba. Washegari abu ɗaya ya tambaya: "Kang, na ainihin yana nan?" Komar ya sunkuyar da kai. Encep ya sumbaci hannun mahaifiyarsa, ya sumbaci na wansa kamar yadda aka saba, ya hau mota.

A teku ba kasafai ake samun waya ba. Yanzu kusan kullum da la'asar Emak takan kira Komar ta miƙa masa wayarta, ta ce, "Kai ni wajen ƙafar nan." Shi da hannunsa yake nemo mata wurin ya tsayar. Ta daɗe tana kallo, shi kuma yana tsaye a kanta, ya rasa inda zai sa idonsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, hasken ɗan'uwanka ba ya rage naka, sau da yawa ma da shi ake ganinka. Mai hassada yana zaton wani yake yankewa, alhali kansa yake ragewa, kuma yakan haɗa da wanda bai ji ba bai gani ba. Kafin ka goge abin da ba ya dawowa, tuna cewa da-na-sani ƙeya ce, a baya take.