Mahfuzu da Keke Mai Dogon Hannu

Akwai wani tela a unguwar Pumpumre ta garin Garwa, sunansa Mahfuzu. Gwani ne, ba wanda ke musu. Sai dai zuciyarsa a kusa take, hannunsa ya fi bakinsa sauri.

Shekara goma sha bakwai yana shago ɗaya da amininsa Abdelkerim, mutumin Kuseri. Shi kaɗai ya iya zama da halin Mahfuzu.

Wata shekara suka haɗa ƙarfi suka sayo wani keke daga Duwala, irin na ɗinka zanen gado mai auduga a tsakiya. Tsawonsa ya cinye bangon shago guda. Ana naɗe yadi a jikin sandunan ƙarfe a shimfiɗa auduga, sai mai ɗinki ya kama hannaye biyu kamar na babur, yana yawo da kan keken a saman yadin.

Tare da keken aka turo Madam Florentine, dattijuwar da ta daɗe tana aiki da irinsa, don ta koya musu.

Ranar farko ta ce, "Malam Mahfuzu, sassauta kafaɗa. Wannan ba da ƙarfi ake tura shi ba. Kuma in allura ta karye, a kira ni."

Mahfuzu ya yi tsaki. "Madam, tun kafin ki san Garwa nake taka keke."

Abdelkerim kuwa ya zama kamar ɗan aji ɗaya. Sati biyu yana zana da'ira a tsummokara, yana tambaya, yana ɓatawa, yana dariyar kansa. A sati na uku ya fitar da furanni masu kyau. Na Mahfuzu kuwa layi ya karkace, yadi ya tattare.

Rannan Hajiya Nafisatu, mai sayar da kayan ɗaki, ta kawo yadi mai tsada. Ta shafa aikin Abdelkerim ta ce, "Wannan hannun nake so."

Maganar ta soki Mahfuzu. Washegari da safe, Abdelkerim ya tafi kasuwa sayen zare, Madam ba ta iso ba. Mahfuzu ya ɗora yadin Hajiya ya fara ɗinki. Allura ta karye, ya saka wata da kansa. Daga nan zare ya dinga tsinkewa. Yana ƙullawa yana fizgar keken, har yadin ya yage tsawon kamu biyu.

Abdelkerim yana shigowa ya dafe kai. "Innalillahi! Abokina, me ya sa ba ka jira ba?"

"Kai ka kwance min wani abu a ciki!" in ji Mahfuzu. "So kake a ce kai ne gwani!"

"Ni? Ka ji tsoron Allah, Mahfuzu."

Mari ya fara sauka. Abdelkerim ya ture shi don ya kare kansa, Mahfuzu ya bugu da tebur. Idonsa ya rufe. Ya rarumo sandar ƙarfen da ake naɗe yadi, ya kai duka. Abdelkerim ya tare da hannun dama, aka ji ƙashi ya yi ƙara. Duka na biyu ya same shi a goshi. Ya faɗi, jini na bin audugar da ke ƙasa, amma Mahfuzu bai tsaya ba sai da ya ƙara na uku a kan yatsun.

Ihun maƙwabta ya tara jama'a. 'Yan babur suka fizgo Mahfuzu waje, wannan ya naushe shi, wannan ya shure shi, har haƙorinsa biyu suka zube. Wani ya ɗauko bulo zai sauke masa a ka. Madam Florentine, da isowarta ke nan, ta faɗa kansa tana ihu, "Ku bari! Ku kai Abdelkerim asibiti tukuna!"

Jandarmomi, wato jami'an tsaro, suka iso. Kafin su tafi da shi, Madam ta shiga ta duba keken. Ta fito da allura a tafin hannunta.

"Wa ya saka wannan?"

Mahfuzu, baki duk jini, ya ce, "Ni."

"A baibai ka saka ta. Gefe mai tsagi ne ya kamata ya kalli gaba. Ba wanda ya taɓa maka komai."

Mahfuzu ya zauna daɓas a ƙasa. Sai jansa aka yi zuwa mota.

Abdelkerim ya rayu, amma yatsu uku na hannun damansa ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Mahfuzu ya yi wata goma sha huɗu a gidan yari.

Ranar da ya fito, bai je gida ba. Ya wuce gidan Abdelkerim, ya tarar da shi a zaure yana cin abinci da hagu. Ya durƙusa yana kuka.

"Ka yafe mini. Ka dawo shago, ni zan zama hannunka har in mutu."

Abdelkerim ya dube shi ya ce, "Na yafe maka tun ina asibiti, don ba na so in je gaban Allah da kai a raina. Amma ni da kai a ɗaki ɗaya, an gama. Tashi ka je, 'ya'yanka na jira."

Mahfuzu ya miƙe. Har ya kai ƙarshen layi yana waiwaye, ba a kira shi ba.

Darasi: Cewa "ban iya ba, koya mini" ba ya rage wa gwani komai. Girman kai ne ke hana tambaya, fushi kuma ya ɗora laifin a kan wanda ya fi kusa da kai. Ana iya yafe maka, amma ba duk abin da ka karya ke ɗoruwa ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila ya isa ga wani kafin ya ɗaga hannu.